Jinjina ga Masu Riƙon Tsohuwar Marsandi

A Dagmanet da sauran unguwannin Agadas akwai makanikai da direbobin da suka cancanci a ce musu sannu da ƙoƙari: masu riƙon tsohuwar babbar motar Mercedes mai gajeren hanci. Kamfanin ya fara ƙera ta a Jamus a 1959, ya ci gaba har 1995, amma ga ta nan tana dakon kaya zuwa Dirku da Bilma.

Abin da ke burge ni shi ne ba sa yi mata kwalliyar banza. Fentinta na asali ne, rairayin Tenere ya goge shi har ƙarfe ya bayyana a bakin ƙofa, inda karen mota ke kamawa ya hau. Sitiyarin ya yi sulɓi saboda hannu. Injin kuwa, nan ne ake kashe kuɗi: a tace man dizal, a kakkaɓe matatar iska, maigida ya kasa kunne ya gane ciwon tun kafin a buɗe bonet. Babu kwamfuta a cikinta, don haka in ta tsaya a tsakiyar hamada, sifana da haƙuri sun isa a tayar da ita.