Tsarin Abuja Da Ya Manta Da Karu

A ganina babban aibin tsarin birnin Abuja na 1979 shi ne ya tsaya cak a bakin iyaka. Da gwamnati ta tare a 1991, tsadar haya ta kora ƙananan ma'aikata Mararraba da Masaka, cikin Ƙaramar Hukumar Karu. To, dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar can ga gwamna, watau na Nasarawa a yau, wurin aikin kuwa yana hannun Tarayya. Aka yi ta yanka filaye barkatai, alhali hanyar Keffi ce kurum babbar mafita. Jirgin ƙasan da aka buɗe a 2018 ma bai leƙo nan ba, filin jirgin sama ya nufa. Masinjan Masaka fa, sai sammako tun asuba.