Ƙwarangwal Bakwai a Kan Dala Biyar

Duk sanda hira a fada ta biyo ta kan finafinan da munka kalla muna yara, sai an rabu gida biyu. Wasu su ce ai waɗannan shirme ne, dodon roba ne anka tsorata mu da shi don ba mu da wayo. Wasu kuma su ce ba a sake yin irinsu ba, amma in ka tambaye su dalili sai su ce kawai "daɗi gare su." Ni ina bayan na biyun, sai dai "daɗi gare su" ba hujja ba ce, kuma mu da ke kiran kanmu marubuta bai kamata mu tsaya nan ba.

Mu a Gidan Rumji ba mu tashi da sinima irin ta Maraɗi ba. Abin da munka sani shi ne gidan kallo: rumfar zana, bencina, tele guda bisa tebur, gurup yana ruri a baya. Dala biyar ka shiga kallon rana, ran da babu lakwal. Fim ɗin ko da Faransanci yake, ko Indiyanci, ko Turancin da babu mai ji. Suna ma mu muke raɗa musu. Wanda anka sani da *Jason and the Argonauts* na 1963, a wurinmu "mai ƙwarangwal" ne, shi ke nan.

To bari in tsaya kan ƙwarangwal ɗin nan, don a nan maganata take. Mugun sarki ya watsa haƙoran wani macijin mai kai bakwai a ƙasa, ƙasa ta tsage, ƙwarangwal bakwai sunka fito da takubba da garkuwa. Wanda ya yi su, Ray Harryhausen, ba da kwamfuta ya yi ba. Ƴan tsana ne ƙanana masu gaɓoɓin ƙarfe. Ya motsa hannu kaɗan ya ɗauki hoto, ya ƙara motsawa ya sake ɗauka, hoto ashirin da huɗu kafin a samu daƙiƙa guda. Faɗan na ƴan mintoci ne, amma ya ci masa sama da wata huɗu. Shi ya sa tafiyarsu take da ɗan tsinkewa, kamar ana fizgarsu. Masu cewa shirme ne wannan fizgar suke nunawa. Ni kuwa na ce ita ce ƙarfin fim ɗin. Abin da ya mutu ya tashi, don me zai yi tafiya irin ta mai rai? Da sun yi motsi sumul kamar ɗan kokowa, da ba su tayar mana da tsigar jiki ba. Idonmu ya ga abin da ba mutum ba ne, ba dabba ba ne, zuciya ta cike sauran.

Wanga aiki kuwa mun saba da shi tun daga tatsuniya. Kaka ba ta taɓa gaya maka tsawon Dodo ko launinsa ba. Ta sauya murya, ta yi shiru kaɗan, kai ka ƙera naka Dodon a cikin duhu, kuma naka ya fi na kowa ban tsoro don ya san inda kake jin tsoro. Ku gwada da kanku: ku nemi Medusa, matar nan mai gashin macizai, a *Clash of the Titans* na 1981, sannan ku kalli wadda anka sake yi da kwamfuta a 2010. Ta farkon tana jan ciki a hankali cikin hasken wuta, ka ji karkaɗar wutsiyarta kafin ka ga fuskarta. Ta biyun tana gudu kamar kabu-kabu, an nuna maka komai, ba a bar maka aikin yi ba. Ka gama kallo ka tashi ka sha ruwa, ba abin da ya bi ka gida.

Haka *Nagina* ta 1986. Me anka yi wa Sridevi don ta zama macijiya? Kusan ba komai: an sauya mata launin ido, Amrish Puri ya busa sarewarsa, ita kuma ta yi rawa a ƙasa. Mu da munka girma muna jin labarin mutanen ɓoye da na iskokin gulbi, ba mu buƙaci a ƙara mana bayani ba.

Amma kada kewa ta rufe mana ido. Finafinan Sinbad suna da laifi babba, kuma sai da na karanta Dare Dubu da Ɗaya na gane girmansa. Sindbad na littafi ɗan kasuwar Bagadaza ne, irin alhazan Maraɗi masu fatauci, dabara ce makaminsa. Da anka bar shi a tsibiri, rawaninsa ya kwance ya ɗaure kansa a ƙafar ƙatuwar tsuntsuwa ta fitar da shi. A *The 7th Voyage of Sinbad* na 1958 kuwa, an mayar da shi Ba'amurke mai gyararren gashi, takobi ne amsarsa ga kowace tambaya. Shef bandi kuma kullum shi ne mai baƙaƙen kaya da tsafi. An ɗauki labarin da malamanmu sunka daɗe da sani, an cire masa ciniki da wayo da tawakkali, an sayar mana da ɓawon. Mu kuma muna tafi. Dodannin na da rai, mutanen ne ƴan tsana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ba a taɓa sa mana a tele ɗin nan ba. A nan Nijar akwai Moustapha Alassane, wanda ya zauna Tawa ya rasu a 2015. A 1977 ya yi *Samba le Grand* da ƴan tsana, da dabarar nan ta motsa-ka-ɗauka irin ta Harryhausen, labarin jarumin da gimbiya ke ɗora wa sharaɗi bayan sharaɗi kafin ta aure shi. Kafin nan ya yi *Toula*, daga labarin Boubou Hama: fari ya addabi gari, anka ce sai an ba da budurwa ga aljanin ruwa kafin a samu sauƙi. Wane ɗan Gobir ne zai ce bai gane wanga labari ba? Duk da haka mun haddace sunan Jason ɗan Girka, ba mu san Samba ba. Na tambayi mutum tara a ƙungiyarmu, biyu kawai sunka taɓa jin sunan Alassane.

A littafinmu na baya, labari goma sha ɗaya munka buga. Tara soyayya ce, biyu wa'azi kan shaye-shaye. Babu aljani ko guda, babu rijiya mai magana, babu wanda ya bar gida neman ruwan da ke warkar da ciwo, alhali Abubakar Imam ya yi wannan a *Ruwan Bagaja* tun 1934. Na kawo shawara a zama mai zuwa mu ari tele da gurup, mu kalli mai ƙwarangwal da *Samba le Grand* a jere, kowa ya taho da ƙanensa guda. Ina son in ga a wane wuri yaran za su rufe ido.