Gwanintar magini a masallacin Yama

Mutumin Dogarawa ba sai ya je Agadas ko Katsina ba kafin ya ga abin da magini ke iya yi da ƙasa. Ya nufi Yama, ta wajen Badagishiri a yankin Illela, ya shiga masallacin Juma'a ya ɗaga kai sama.

Alhaji Falke Barmu ne ya fara ginin a 1962. Daga 1975 ya sake rufin, ya ɗora tulluwa a tsakiya, ya tada hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da nata fasali, aka kammala a 1982. A 1986 masallacin ya samu lambar yabo ta Aga Khan.

Tada bango ba ya gagarar ɗan koyo. A rufi ake sanin gwani. Itacen ƙasarmu gajere ne, ba ya haye ɗaki mai faɗi, don haka sai a yi baka. Magini ya kafa itace a cikin ginshiƙi, ya ɗan karkato shi ciki, ya ɗaure wani a kansa da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya jira ta bushe kafin ya ƙara. Haka zai yi ta yi daga dama da hagu har su haɗu a sama. In ya yi gaggawa, nauyin ɗanyar ƙasa ya rusa masa aikin. A Kano da Zariya azarar giginya ake sawa, don gara ba ta cin ta; Falke kuwa da damin sanduna ya ɗaure nasa.

Ƙasar ma ba a haƙo ta a hau gini nan take. Sai an kwaɓa ta da ciyawa, an tattake, an bar ta ta kwana biyu ta yi danƙo.

Sauran aikin faɗa ne da ruwa: a gyara indararo, a bi tsagewa, a sake yaɓe. Da wannan kulawa hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27, wadda asalinta ya koma wajen 1515, take tsaye har UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihi na duniya a 2013. Itatuwan da suka leƙo daga jikinta matakala ce ta masu yaɓe.

Ga masana'antar siminti a Malbaza, kusa da mu, kuma siminti na da ranarsa. Amma in aka shafa shi a bangon ƙasa, damshi yakan maƙale a bayansa, bangon ya yi ta ruɓewa a ɓoye har ɓawon ya ɓalle ya faɗo.