Tulun Mutanen Moce da Randar Ladi Kwali

Kwanan baya wani malaminmu ya nuna mana hotunan tukwanen mutanen Moce, waɗanda suka zauna a gaɓar tekun arewacin ƙasar Peru tsakanin shekara ta 100 zuwa ta 800 Miladiyya. Ɗalibai suka yi ta jinjina, har wani ya ce mu nan ba mu da irin wannan fasaha. Da maganarsa na dawo gida Tudun Wada, kuma ita ce nake son in yi wa gardama.

Gaskiya ne tukwanen nan abin kallo ne. Tulun kansa shi ne kan mutum, da hanci da rawani da kunnuwa, sa'an nan a samansa a ɗora mariƙi mai kama da likkafa, wanda ta nan ruwa ke fita. Fuskokin ba na ƙage ba ne, na mutane ne da suka rayu. Wani masani, Christopher Donnan, ya bi tabon da ke leɓen wani mutum guda, ya gano shi a tuluna da dama, tun yana saurayi har ya manyanta. Amma a lura, yawancinsu danna yumɓu aka yi cikin ƙoƙon da aka riga aka fitar wa siffa, wato fuska ɗaya tana iya haifar da tulu da yawa.

To, mu dubi Ladi Kwali, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a nan Zariya cikin 1977. Ita da hannu take ɗaga randa, tana kewaya ta, ba ƙoƙo ba na'ura. In ta gama sai ta zana ƙadangare da kunama da kifi da kada a jikinta, ta yadda kowace dabba ke bin lanƙwasar randar kamar can ta tsiro. A nawa ganin wannan ya fi wuya.

Sai dai ina da ƙorafi, kuma ba da ita nake ba. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta tun kafin Bature ya san ta. Bayan ta shiga makarantar ginin tukwane ta Michael Cardew a Abuja, wato Sulejan yanzu, cikin 1954, sai aka riƙa shafe randunanta da ruwan ƙyalli ana gasa su da wuta mai tsanani. Suka yi sheƙi, suka yi nauyi, suka tafi Landan. Amma duk wadda ta taɓa sayen randa a kasuwar Tudun Wada ta san sanyin ruwa daga zufar da randa ke yi yake zuwa. Ƙyallin nan ya toshe ƙofofin zufar. Ke nan randar da duniya ta yaba ita ce wadda ba ta sanyaya ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne, abokin namu mai cewa ba mu da fasaha yana yawo da hoton Ladi a aljihunsa, a bayan takardar naira 20, bai taɓa tambayar ko me take ginawa ba.