Marubucin Karkara da Zubin Labarin Binciken Laifi

Labarin binciken laifi irin wanda Agatha Christie ta shahara da shi a Ingila an gina shi ne bisa tambaya guda: wa ya aikata? Tauraruwarta Miss Marple, wadda littafin farko a kanta ya fito a 1930, tsohuwa ce 'yar ƙauye, makaminta kuwa sanin halin maƙwabta. Wasu ƙagaggun labaran Hausa masu jigon laifi ba su bi wannan zubi ba. A Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, waɗanda aka buga a 1982, ba a ɓoye wa mai karatu mai laifin ba, jira kawai ake yi dubunsa ta cika.

Rayuwar marubucin karkara, a ƙasar Tsafe ko Bunguɗu alal misali, tana iya haska dalilin haka. Da damina yana gona, ran kasuwa yana kasuwa, kuma sahu ɗaya yake sallah da mutanen da zai siffanta. A irin wannan wuri da wuya ɓarawon shanu ya ɓuya, domin mai bin sawu da dagaci sukan gano shi kafin magana ta isa Gusau. Wahalar ita ce samun mai shaida. Tun wajen 2011, da satar shanu da garkuwa da mutane suka addabi Zamfara, ambaton suna yana iya jawo asarar rai.

Don haka bai dace manazarci ya auna wannan marubuci da ma'aunin Christie ba. Ƙullin labarinsa shi ne wa zai iya buɗe baki, tambayar kuwa ta hau kansa kamar yadda ta hau kan taurarinsa.