Iskar Shaƙa a Wasannin Gina Mazauni a Sararin Samaniya

A yawancin wasannin kwamfuta na gine-gine, iska kyauta ce. Mai buga Minecraft zai haƙa rami mai zurfi, ya toshe bakinsa, ya yi zamansa a ciki, ba abin da zai same shi. Amma da masu ƙirƙirar wasanni suka kai wannan salo sararin samaniya, sai suka tarar da tambayar da ba ta da makawa: wanda ya gina ɗakin nan, me zai shaƙa?

Kamfanin Keen Software House na birnin Prag ya fito da Space Engineers a 2013, sai a 2015 ya saka masa tsarin oksijin. Daga nan gini ya sauya. Ɗan wasa zai haƙo ƙanƙara, ya zuba ta a injin da ke raba ta zuwa oksijin da haidurojin, ya tara a tanki, sannan ya hura wa ɗakin da ya tabbatar ba shi da kafa ko guda. Ƙofa ɗaya da aka manta a buɗe ta isa ta zubar da aikin awanni. Shi ya sa 'yan wasan suka koyi gina zaure mai ƙofa biyu, ba a buɗe ta waje sai an rufe ta ciki. Astroneer, wanda ya fito a 2016, ya sauƙaƙa abin: igiya ce ake ja daga sansani ana kafa mata turaku, wanda ya yi nisa da ita numfashinsa ya fara ƙarewa.

Duk da daɗin waɗannan biyun, sun ɗauki iska tamkar man fetur ne, ko akwai ko babu. Wasan da ya kama bakin zaren shi ne Oxygen Not Included na kamfanin Klei da ke Bankuba a Kanada, wanda aka kammala a 2019. A cikinsa kowace iska tana da nauyinta da zafinta. Haidurojin na tashi sama, iskar kabon da mutane ke fitarwa tana gangarawa ƙasa, ta taru a ramuka da ƙasan ɗakuna. Kowane ɗan aikin da ke cikin sansanin yana shaƙar giram 100 na oksijin a daƙiƙa. Da farko ana dogara da gansakuka, amma gansakukar ƙarewa take yi, dole a koma ga injin da ke fasa ruwa da lantarki. Wannan injin yana shan kilo ɗaya na ruwa a daƙiƙa, ya ba da giram 888 na oksijin da giram 112 na haidurojin, kusan daidai da yadda lissafin yake a ilimin sinadarai.

A nan ne wasan yake nuna gwanintarsa, domin kowace mafita da tata matsalar take zuwa. Iskar da injin ke fitarwa ba ta kasa digiri 70 a zafi, in aka bar ta haka sai shuke-shuken abinci su daina girma, yunwa ta biyo baya. Ruwan ma sai an nemo inda yake ɓulɓulowa. Sansanoni da yawa ba rashin oksijin ke rusa su ba, sharar da aka bari a baya ce ke taruwa sannu a hankali har ta ci ƙarfin mai wasan.

Haka abin yake a zahiri. A watan Afrilun 1970, bayan tankin oksijin na kumbon Apollo 13 ya fashe, 'yan sama jannatin uku sun fake a ƙaramin kumbon sauka a wata, kuma oksijin ɗin da ke can ya ishe su. Abin da ya tasam ma halaka su iskar kabon ce, sai da injiniyoyi a Hustan suka koya musu yadda za su haɗa matatar iska mai kusurwa huɗu da bututu mai da'ira, da leda da kwali da salatif. A ginin gwaji na Biosphere 2 a jihar Arizona, inda mutum takwas suka rufe kansu a 1991, oksijin ya sauko daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa wajen 14, domin ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suna cinye shi, siminti kuma yana shanye kabon ɗin da ya kamata tsirrai su mayar da shi oksijin. A 1993 dole aka shigo da oksijin daga waje.

Wasan da ya manta da ɓangaren shara ya bar rabin labarin, kuma rabin da ya fi koyarwa. 'Yan wasan Klei kuwa sun kai inda suke gina ɗaki na musamman da ke tace haidurojin daga saman rufi, ya ƙona shi a janareta, wutar da aka samu ta koma ta tafiyar da injin fasa ruwan da famfunansa. Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa ma da ruwa da lantarki take samar da oksijin ɗinta, kuma a 2010 aka kafa mata na'urar da ke haɗa ragowar haidurojin da iskar kabon ta 'yan sama jannati don a sake samun ruwa.