Moustapha Alassane, mai sa kwaɗi kokowa

Masu bin littattafan zane na jarumai irin su Superman da Spider-Man, in sabo ya fito, ba labarin kaɗai suke tankaɗewa ba. Za ka ji ana cewa naushin wannan zanen ba shi da nauyi, tsallen wancan kuma kamar an manna mutum a sama. Abin da suke aunawa ke nan: ko mai zane ya iya sa abin da ba ya motsi ya motsa. Ni kuwa duk sa'ad da aka zo nan, Tawa nake tunawa, domin a can ne gwanin wannan aiki a ƙasar Nijar ya zauna shekaru masu yawa, yana riƙe da masaukin baƙi, yana kuma aikinsa a gefe.

An haifi Moustapha Alassane a N'Dounga a 1942. Makanike ne tun farko, kuma hannun makanike bai taɓa barinsa ba. Ya koyi aikin sinima a Yamai tare da Jean Rouch, daga baya ya je Kanada wajen Norman McLaren, wanda duniya ta sani da fim ɗin zane. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki. A wannan shekarar kuma ya yi Le Retour d'un aventurier, inda wani saurayi ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi gari. Tun lokacin ya gane abin da jarumin baƙi ke yi wa zuciyar yaro.

Ga yadda aikin fim ɗin ƴan tsana yake. Fim na tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato 1,440 a minti guda. Mai wannan sana'a yakan kafa kyamara ta tsaya cak, ya ajiye ƴar tsanarsa a gabanta, ya ɗauki hoto ɗaya. Sai ya sa yatsa ya ɗaga hannun tsanar kaɗan, abin da bai kai faɗin ƙwayar gero ba, ya janye nasa hannun, ya sake ɗauka. Haka har a gama. In fitila ta gusa, ko gwiwarsa ta taɓa teburin, aikin yini ya tashi a banza, don ido zai ga hoton yana rawa. Wannan haƙuri ne, kuma da yawa suna da shi. Abin da ba kowa ke da shi ba shi ne sanin inda za a rage tazara da inda za a ƙara ta: motsi ƙanana a jere suna ba da nauyi da jinkiri, manya suna ba da zafin nama.

A fim ɗin Alassane mai suna Kokoa ne na fi ganin wannan sani. Dabbobi ne ke kokowa, da kwaɗi da hawainiya, a fili mai ƴan kallo da makaɗa. Duk Ba'adaren da ya taɓa zama a bakin fage ya san kaye ba ya zuwa haka kawai. Akwai zagaye, akwai laluben kama, akwai ɗan tsayawar nan da ƙafafu ke neman ƙasa, sannan a ɗaga mutum a yi ƙasa da shi cikin ƙiftawar ido. Alassane ya raba wannan duka hoto-hoto ya sake haɗa shi, har ka manta tsana ce kake kallo ka fara goyon bayan ɗaya. Ba mamaki, Tawa, garin da ya zauna, shi ne ya karɓi gasar kokowa ta takobi ta farko a 1975, wadda Kantu na Maradi ya lashe.

Jarumi ma, Alassane ya yi nasa. A Samba le Grand na 1977, ƴan tsana ne cikin launi, da wani barde da gimbiya ke ta ɗora wa jarrabawa kafin ta yarda da shi. Daga tatsuniyar Afirka ta Yamma ya ɗauko shi, ya ɗinka masa tufafi, ya koya masa tafiya da yatsunsa.

Ya rasu a Wagadugu ran 17 ga Maris 2015. A 2017 gidan adana fasaha na MoMA a New York ya nuna finafinansa a jere. Burina a haska su a fili a Tawa da Abalak da Tchintabaraden, yaran da ke kwaikwayon zanen Spider-Man a bayan littafin makaranta su zauna a sahun gaba.